Yadda Ake Kiwon Kifin Ado a Akwatin Gilashi a Gida

Kifin ado da yawa a mako na farko ko na biyu da shigowarsa gida yake mutuwa, kuma ba kasafai laifin kifin ba ne. Mutum zai ga akwatin gilashi a wani otal ko ofis, abin ya burge shi, ya je ya sayo akwati da kifi a rana ɗaya, ya cika da ruwan famfo ya juye su ciki. Bayan kwana kaɗan ruwa ya gurɓace, kifaye su taru a sama suna haki, a wayi gari ana tsame gawa. Daga nan sai a yanke hukunci wai kifin ado ba ya ƙarko. Alhali ƙananan kifayen nan suna iya shekara biyu zuwa biyar, wasu ma su haura goma. Abin da ke kashe su ruwan da bai shirya karɓarsu ba ne. Saboda haka kusan duk abin da zan faɗa a nan a kan ruwa zai tsaya, kuma sayen kifin shi ne zai zo kusan ƙarshe.

Akwati da mazauninsa

Kada ka fara da ƙaramin akwati don kana ganin shi ne mai sauƙi. Ruwa kaɗan da wuri yake ɓaci, da wuri yake zafi, da wuri yake sanyi. 'Yar kwalbar nan mai zagaye da ake sa kifi ɗaya a ciki ita ce mafi wahalar kulawa, kuma azaba ce ga kifin. Ga mai farawa, akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 shi ne mafi ƙanƙanta da zan yarda da shi. Yana cin lita 54. In da hali, mai tsawon 80, faɗi 35, tsayi 40 ya fi, yana cin lita 112. Ka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ka raba da 1000, ka samu yawan litar kowane akwati. Akwati mai tsawo a kwance ya fi mai tsayi a tsaye, domin ta fuskar ruwa iska ke shiga, kuma kifi gaba yake iyo.

Idan mai yankan gilashi zai haɗa maka, ka tsaya a kan abu biyu. Kaurin gilashin ya kai milimita 6 ga akwatin santimita 60, milimita 8 ga wanda ya kai 80 zuwa mita ɗaya. Sannan silikon ɗin da zai liƙe da shi ya zama zalla, banda wanda ake sa wa maganin hana fumfuna don banɗaki da kicin, domin wannan maganin guba ne ga kifi. A bar shi ya bushe kwana biyu zuwa uku, a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana, a ga ko yana yoyo kafin a shigar da shi ɗaki.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Akwatin lita 112 da yashi da duwatsu da gilashinsa zai haura kilo 140. Teburin roba ko kantar da aka yi da garin katako ba za su ɗauka ba. A samu teburin ƙarfe ko na katako mai ƙwari, wanda samansa ya daidaita bai karkace ba, a shimfiɗa farin soson da ake naɗo firji ko talabijin da shi a ƙarƙashin akwatin. Wurin ya zama inda rana ba ta bugawa kai tsaye, nesa da kicin, kusa da soket, kuma inda yara ba za su iya jawo shi ba. Ka zaɓi wurin da kyau tun farko, domin akwati cike da ruwa ba a ɗaga shi.

Kayan aiki

Matatar ruwa ita ce gaba da komai. Akwai iri-iri a kasuwa, amma inda ake ɗauke wuta ina ganin matatar soso ta fi dacewa: soso ne da ake nutsawa cikin ruwa, a haɗa shi da ƙaramin injin iska ta siririn tiyo. Kumfar iskar tana jan ruwa ta cikin soson, kuma tana motsa fuskar ruwa. Tana da araha, ba ta lalacewa, wutar da injin ke ci kaɗan ce, kuma akwai injinan iska masu batir a ciki ko masu aiki da fawa bank. Babbar matata mai rufaffiyar gwangwani tana da ƙarfi, amma idan wuta ta tafi na awanni ruwan da ke cikinta yana ruɓewa, wuta na dawowa ta watso shi cikin akwati. Injin iska a ajiye shi sama da tsayin ruwa, ko a sa 'yar makarin da ke hana ruwa komowa ta tiyo, don kada wuta ta ɗauke ruwa ya zuƙo ya malale ɗaki.

Sai ma'aunin zafi, wanda bai kamata a rasa ba. Yawancin kifayen yankuna masu zafi suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Hita mai kashe kanta da kanta ana buƙatarta lokacin sanyi, kimanin wat ɗaya ga kowace lita. Sai murfi, saboda kifi na tsalle kuma ƙura na sauka. Sai fitila, 'yar komar kama kifi, tiyo na zuƙe ruwa, da bokiti biyu sababbi waɗanda sabulu ko omo bai taɓa shiga ba kuma ba zai shiga ba. Ka rubuta a jikinsu, ka gaya wa mutanen gida.

Wane ruwa

Ruwan famfo na gwamnati yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona matsatsin numfashin kifi, wato gaɓar da ke gefen kansa da yake numfashi da ita, kuma yana kashe ƙwayoyin bakteriya masu cin datti da matata ke dogaro da su. Kulorin zalla yana fita idan aka bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu, musamman da kumfar iska a ciki. Amma wasu wuraren ana haɗa shi da wani sinadari mai suna amoniya, wannan kuma ajiya ba ta fitar da shi. Maganin kashe kulorin da masu kifi ke sayarwa yana magance duka biyun cikin mintuna, kuma ƙaramar kwalba tana daɗewa.

Ruwan burtsatse da na rijiya ba su da kulorin, amma suna fitowa daga ƙasa da ƙarancin iskar shaƙa, wani kuma da ƙarfe a narke, wanda za ka gane idan ya kwana ya yi ja-ja a gindin bokiti. A tara shi ya kwana ana busa masa iska kafin a yi amfani da shi. Rijiyar da ke kusa da shadda ko kwata a guje ta. Idan daga 'yan garuwa kake sayen ruwa, ka tabbata jarkokin ba su taɓa ɗaukar kalanzir, fetur ko man inji ba. Abu mafi muhimmanci shi ne ka riƙe tushen ruwa ɗaya. Kifi na sabawa da ruwa mai ɗan gishirin ƙasa (ma'adanan da ke narke a ruwa, ba gishirin miya ba) ko maras shi, abin da ba ya jurewa shi ne a riƙa sauya masa yau wannan gobe wancan.

Shimfiɗa da tsirrai

Yashin rafi ko ƙananan tsakuwa masu santsi sun isa. A wanke su da ruwa zalla har sai ruwan wankin ya fito garau, a shimfiɗa kaurin santimita 3 zuwa 5. Dutsen da ka tsinto, ka ɗiga masa ruwan tsami na binega. In ya yi kumfa yana da farar ƙasa, zai riƙa canza ruwan, a bar shi. Ƙarfe, abu mai fenti, da ɗanyen icce ba sa shiga. Gutsuren tukunyar ƙasa da ba a dafa komai a ciki ba yana yin maɓoya mai kyau, kuma kifi na buƙatar maɓoya. Wanda ya san yana da wurin ɓuya shi ne ke fitowa fili.

Tsirrai masu rai suna shan wani ɓangare na dattin ruwa. Mafi haƙuri a cikinsu shi ne Anubias, wanda asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru. Ba a binne kaurin jijiyarsa a yashi, sai ya ruɓe. Ɗaure shi ake yi da zare a jikin dutse har ya kama. Kainuwa ma tana aiki sosai, saiwoyinta na zuƙe datti kuma 'ya'yan kifi na ɓuya a ciki. Sai dai wadda aka ɗebo daga kududdufi tana zuwa da tsutsa da ƙwari, don haka a wanke ta, a ajiye ta a bokiti dabam na mako biyu, sannan a riƙa rage ta don kada ta rufe fuskar ruwa gaba ɗaya. Fitila awa 6 zuwa 8 a rana ta isa. Fiye da haka gansakuka ce za ta ci riba.

Idan za ka zuba ruwa, ka ɗora faranti a kan yashi ka zuba a kansa don kada ya tone shimfiɗar. Ka kunna matata. Kada ka sa kifi.

Jiran ruwa ya nuna

Nan ne gaba ɗaya maganar take, kuma nan ne mutane ke ƙosawa.

Kifi yana fitar da amoniya ta matsatsin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama. Amoniya guba ce ko da kaɗan ce, kuma gubarta na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi. A kogi yawan ruwa ke tafiya da ita. A akwati ba ta da inda za ta je, sai in akwai ƙwayoyin bakteriya masu cin ta. Wani rukuni na mayar da amoniya ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar shaƙa, shi ya sa za ka ga kifi na haki alhali kumfa na tashi. Rukuni na biyu ke mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai ta taru da yawa, ita kuma canjin ruwa da tsirrai ke rage ta.

Waɗannan ƙwayoyi ba a cikin ruwa suke yawo ba. A jikin soson matata suke zama, da yashi da duwatsu. Sabon akwati ba shi da su, kuma a hankali suke yaɗuwa. Kafin su kai yawan da zai ɗauki nauyin kifi ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ruwan na iya zama garau a ido tun rana ta biyu. Wannan ba shaida ba ce, domin amoniya da naitirait ba su da launi.

Ga yadda ake yi. Matata na aiki dare da rana gwargwadon hali. Kowace rana ka ɗan barbaɗa abincin kifi a akwatin da babu kowa, kamar abin da za ka ba kifi uku ko huɗu. Abincin zai ruɓe ya ba da amoniya, ƙwayoyin su samu abin ci. A mako na farko ko na biyu ruwan na iya yin fari-fari. Ka bar shi, zai washe da kansa. Idan ka samu kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa a 'yar kwalba ya fi na takarda daidai. Za ka ga amoniya ta hau sannan ta sauka, naitirait ta hau sannan ta sauka, naitiret ta fara bayyana. Ranar da amoniya da naitirait suka tsaya a sifili kwana da kwanaki alhali kana ci gaba da zuba abinci, ruwa ya nuna. Sai ka canza rabin ruwan, ka zuƙe ruɓaɓɓen abincin da ya kwanta, washegari ka kawo kifi.

In ba ka samu kayan gwaji ba, ka cika mako shida cur, sannan ka fara da kifi kaɗan. Akwai kuma hanyar rage jira: ka roƙi wanda ke da daɗaɗɗen akwati mai lafiya ya ba ka gutsuren sosonsa, ko ya matse maka dattin soson a leda. A kawo shi a jiƙe, cikin awa ɗaya ko biyu, a sa a jikin matatarka. Wannan baƙin dattin ya fi duk wani magani da za a tallata maka amfani. Sharaɗin kawai shi ne akwatin da ya fito babu ciwo.

Zaɓen kifi

Kafin ka sayi kowane kifi ka tambayi abu uku: girman da yake kaiwa in ya girma, ko yana faɗa, da ko shi kaɗai yake zama ko cikin garke. Mai sayarwa na iya cewa duk suna zama tare. Ka bincika da kanka.

Gofi shi ne kifin mai farawa. Asalinsa Tirinidad da Benezuwela da maƙwabtansu, an kuma yaɗa shi ƙasashe da dama don ya ci tsutsar sauro, shi ya sa ake samunsa har a magudanan ruwan Legas. Namiji ƙarami ne mai wutsiya kala-kala, mace ta fi girma ba ta kai shi launi ba. Filati da moli da mai wutsiyar takobi danginsa ne, duk haihuwa suke yi ba ƙwai ba, kuma suna son ruwa mai ɗan gishirin ƙasa. A sa namiji ɗaya ga mata biyu ko uku, in ba haka ba mazan za su hana macen sakat. Daniyo mai zane, ɗan ƙasar Indiya, yana da juriya ƙwarai. Koridoras ƙaramin kifi ne mai gashin baki daga Kudancin Amurka, a ƙasa yake kiwo, yana son yashi mai laushi. Niyon tetra na kogin Amazon yana da kyau matuƙa, amma ba ya son sabon akwati kuma ba ya jure zafin da ya wuce kima, don haka a wurin da bazara ke tsanani ban ba da shawarar a fara da shi ba. Daniyo da tetra da koridoras 'yan garke ne, a saye su shida zuwa sama. Beta na ƙasar Tailan yana iya shaƙar iska daga sama, wanda hakan taimako ne lokacin ɗauke wuta, amma maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, kuma yakan kai wa namijin gofi hari saboda wutsiyarsa.

Ruwayen Najeriya ma sun ba duniya kifayen ado, ana fitar da su ta Legas zuwa Turai da Amurka. Kiribensis, mai ciki ja, daga yankin Neja Delta yake, kuma yana cikin kifayen da suka fi sauƙin hayayyafa a akwati: mace da namiji su zaɓi kogo, su fito suna kora 'ya'yansu gaba suna gadinsu. Lokacin nan sukan yi faɗa, don haka suna son akwati mai faɗi. Ƙananan nau'o'in kurungu ma ana kiwonsu, wasunsu a kife suke iyo. Amma tarwaɗa da karfasa ba na akwatin falo ba ne. Tarwaɗa za ta girma ta haɗiye duk wanda ya shiga bakinta, karfasa kuma za ta tone yashi ta tuge tsirrai ta kori kowa. Haka kifin da ake kira Oska, da baƙin kifin nan mai manne wa gilashi da ake cewa yana share datti: ana sayar da su 'yan mitsi-mitsi, amma kowannensu na kai santimita 30. Kifin zinare kuwa na ruwan sanyi ne, yana girma, yana yawan kashi, kada a haɗa shi da waɗannan.

Ga akwatin lita 54, gofi ko filati shida da koridoras shida sun cika shi. Ga mai lita 112 za a iya ƙara garken daniyo. Inda wuta ba ta tsayawa, ka rage adadin ƙasa da abin da ake faɗa, domin akwatin da ba a cika ba shi ke kai safiya idan injin iska ya tsaya. Kuma ba a zuba su gaba ɗaya. Ka fara da huɗu zuwa shida, ka jira mako biyu ƙwayoyin matata su ƙaru, sannan ka ƙara.

A shago ka tsaya ka kalli akwatin na 'yan mintuna. Idan akwai gawa a ciki, ko kifi mai fararen ɗigo, mai naɗaɗɗen fiffike, mai ramammen ciki, ko mai goga jiki da dutse, kada ka ɗauki ko ɗaya daga wannan akwatin, ko da wanda kake so yana da kuzari.

Ranar kawo su

Ledar ta zama kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska. A rufe ta daga rana, a zarce gida kai tsaye. Kada a bar ta a mota a shiga kasuwa. A gida ka kashe fitila, ka ɗora ledar a rufe a kan ruwan akwati minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Ka buɗe, ka riƙa zuba rabin kofi na ruwan akwati a ciki duk bayan minti biyar, sau uku ko huɗu. Sannan ka kama kifin da koma ka sake shi, ruwan ledar kuma ka zubar, kada ya shiga akwatinka. Ranar kada a ba su abinci. In daga baya za ka ƙaro kifi, ajiye sabon a wani ƙaramin akwati na mako biyu zuwa huɗu shi ne kariya mafi inganci daga shigo da ciwo.

Abinci

Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Kifi kullum yi yake kamar yana jin yunwa, kuma yawan abinci ya fi yunwa kashe shi, domin ragowar ce ke zama amoniya. Burodi, tuwo, shinkafa da biskit ba abincinsu ba ne. Abincin tarwaɗa na gona yana da maiƙo da yawa, yana ɓata ruwa. Tsutsar sauro da aka tace daga ruwa mai tsabta kuwa suna son ta ƙwarai. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki aikin ciyarwa, a ɗaga gwangwanin daga inda yara za su kai. Kifi mai lafiya yana yin kwana uku ko huɗu ba abinci ba tare da wata illa ba, saboda haka gajeriyar tafiya ba ta buƙatar a bar wa kowa sallahu.

Canjin ruwa

Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a mayar da sabo wanda aka kashe wa kulorin kuma zafinsa ya yi kusa da na akwati. A riƙa caka bakin tiyo cikin tsakuwa don ya jawo dattin da ya kwanta. Kafin ka sa hannu ka cire duk filogi, hita kuma a kashe ta minti goma kafin ruwa ya sauka, domin in ta fito fili da zafi tana fashewa. Hannu ya zama babu sabulu, mai ko turare, kuma mai ciwo a hannu ya sa safar roba.

Kuskure mafi tsada shi ne wankin gaba ɗaya: a kwashe kifi a roba, a zubar da ruwa duka, a wanke yashi da soso da ruwan famfo har su yi fes. Wanda ya yi haka ya kashe ƙwayoyin da ya yi mako shida yana jira, ya koma ranar farko da kifi a ciki. Soso sau ɗaya ko biyu a wata ake matse shi, a cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, matsa biyu ko uku kawai. Bai kamata ya koma fari ba. Ruwan da aka zuƙe a ba shuka, taki ne. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa ne kaɗai ke tashi, datti na nan.

Bazara, hunturu da ɗauke wuta

A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watannin Maris zuwa Mayu zafin rana na haura digiri 40, ruwan akwati a ɗaki kuma na iya wuce 32. Ruwa mai zafi iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, a daidai lokacin da jikin kifi ya fi buƙatarta. Ka ƙara kumfar iska, ka maye murfi da raga, ka sa ƙaramar fanka ta riƙa busa fuskar ruwa. Wannan na sauke digiri biyu zuwa uku. Ka rage fitila da abinci. In abin ya tsananta, ka ɗora gorar ƙanƙara a rufe a kan ruwan kana duba ma'auni. Kada a zuba ruwan sanyi kai tsaye, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, matsalar dare ce. Ruwa ya yi ɗumi da rana ya yi sanyi da asuba, wannan hawa da saukar ke raunana kifi. Nan hita ke aiki, a Jos kuwa kusan duk shekara. In babu wuta a lulluɓe akwatin da bargo tun magariba, a bar 'yar kafar iska.

Idan wuta ta tafi kuma babu injin batir, ka riƙa ɗiban ruwan akwatin da kofi kana zubo shi daga sama, sau da yawa, duk bayan rabin awa zuwa awa ɗaya, musamman in ka ga sun taru a sama. Kada a ba su abinci sai wuta ta dawo.

Sai abin da ke kashe akwati guda cikin dare ɗaya: maganin sauro. Na fesawa, da fiya-fiya, da na kunnawa duk guba ne mai ƙarfi ga kifi, kuma injin iska na zuƙo shi ya tura cikin ruwa. In dole a fesa a ɗakin, a kashe injin, a rufe akwatin ruf da leda da zane, sai ɗakin ya sha iska sosai a buɗe. Turaren wuta mai yawa ma a nisanta shi da injin.

In ciwo ya zo

Duk lokacin da ka ga kifi ya canza, ya daina ci, ya naɗe fiffike ko yana haki, fara da canza kashi ɗaya cikin uku na ruwa, ka duba matata da ma'aunin zafi, kafin ka nemi magani. Sau da yawa nan matsalar take ƙarewa.

Ciwon da ya fi yawa shi ne fararen ɗigo kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, kuma yakan biyo bayan sanyi ko shigowar sabon kifi. Ƙwayar cutar tana cikin fatar kifi inda magani ba ya kai ta. Sai ta faɗo ta hayayyafa 'ya'yanta sun fito yawo a ruwa ake iya kashe su. Shi ya sa ake ɗaga zafin ruwa a hankali zuwa digiri 29 ko 30 don ta yi saurin faɗowa, a ƙara iska, a sa maganin fararen ɗigo bisa umarnin kwalba, a ci gaba har kwana uku ko huɗu bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace. Kurungu da koridoras ba sa jure cikakken awo na magani ko gishiri mai yawa, a rage musu. Zaizayewar wutsiya kusan kullum alamar ruwa mai datti ce. Kada a ɓare kafson mutane a zuba a akwati, yana kashe ƙwayoyin matata. Kifin da ya mutu a cire shi nan take.

Idan komai ya tafi daidai, matsalar da za ta biyo baya ita ce yawa. Macen gofi na haihuwa kusan duk mako huɗu, 'ya'ya ashirin ko fiye a lokaci guda, kuma tana iya ci gaba da haihuwa watanni ko an raba ta da namiji. Manya na cin wasu, saiwar kainuwa na tsirar da wasu. Waɗanda suka tsira a murƙushe musu abinci ya zama gari. In sun fi ƙarfin akwatin, ka raba maza da mata, ka bayar ga masu sha'awa ko ka mayar wa mai shago. Kada a zuba su a rafi, dam ko kwata, domin baƙon kifi in ya samu wuri yana cutar da na asalin ruwan.